Baba ya kalli katun ɗin tsoho da kare, yanzu kullum da dare yana kai wa karyar gareji tuwo

Rahinatu_Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abu ya kawo ni. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, ban san inda zan yanke ta ba.

Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi. Mahaifina yana hannuna, muna gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya, ɗakinsa yana jikin nawa. Shekararsa 79 bisa lissafinsa. Mma ta rasu bara, kwana shida bayan Babbar Sallah, bayan zaman aure na shekara 51. Tun da aka yi addu'ar arba'in aka kwashe kujeru Baba ya shiga shiru. Mun kai shi an auna jini, an auna suga, an ce lafiyarsa lau. Yana sallarsa, yana cin abin da aka ba shi, amma ya daina tsayawa a bencin ƙofar masallaci inda tsofaffi ke zama bayan la'asar. Dama tsararsa sun ƙare. 'Yan'uwansa biyu sun tafi Najeriya tun 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, ba su dawo ba, sauran kuma ƙasa ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. In ka ce, "Baba, ina gajiya?" ya ce, "Ba gajiya," shi ke nan hira ta ƙare.

Wata uku da suka wuce, wata Asabar, ruwa ya tsare yara a ɗaki, sai ɗana Fuseini ya kunna musu wani katun mai suna Up. Baba yana kan tabarmarsa da carbi. Ba ya kallon irin waɗannan, shirmen yara yake ce musu, kuma Turancinsa na bakin get ne, Tonanci, yaren Asante, ya fi ji. To amma a farkon fim ɗin akwai wurin da ba a magana ko kalma ɗaya, kiɗa ne kawai. Ana nuna miji da mata tun daga ranar aurensu. Sun gyara wani tsohon gida da hannunsu, sun ajiye kujeru biyu gefe da gefe, sun so haihuwa Allah bai ba su ba. Suna tara kuɗi a kwalba don wata tafiya da suke buri, kullum sai wata larura ta sa a fasa kwalbar, yau tayar mota, gobe asibiti, jibi itace ya faɗo kan rufi. Har furfura ta fito, har matar ta kwanta, har tsohon ya dawo gida shi kaɗai. Ina kan keke ina ɗinki sai na ji ƙarar carbi ta ɗauke. Na waiga, na ga Baba ya juyo da jikinsa gaba ɗaya wajen talabijin.

La'asar ce kawai ta tashe shi, ya ce a tsayar masa har ya dawo.

Ga wanda bai gani ba: za a kai tsohon gidan ajiye tsofaffi, shi kuma ba zai iya barin gidan matarsa ba, sai ya ɗaura wa gidan dubban balan-balan ya tashi da shi sama. A dajin da ya sauka wani kare ya liƙe masa, mai wani abu a wuya da ke mayar da tunaninsa magana. Tsohon ya yi kora ya yi kora, har ya daka masa tsawa ya ce shi ba ubangidansa ba ne. Can gaba gidan ya sake tashi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya buɗe, ashe karen ne ya ɓuya a ƙarƙashin baranda. Nan tsohon ya karɓe shi. Wannan wurin Baba ya sa Fuseini ya mayar baya sau uku. A na ukun ya ce, "Me karen ya ce?" Fuseini ya gaya masa cewa ya ɓuya ne don yana sonsa, yana roƙon a bar shi ya zauna. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Haka Barsu yake."

Shekarata 44, ban taɓa jin wannan suna a gidanmu ba.

Baba ya yi gadin dare shekara 26 a wani kamfanin yanka katako a Kaase, daga 1984 zuwa 2010. Abin da na sani na aikin nan bai wuce rigar sanyinsa da tocilarsa da kwanon abincin da Mma ke ɗaure masa kafin magariba ba. A daren nan ne ya gaya mana cewa ya taɓa tsintar ɗan kwikwiyo cikin tarin dusar katako, ido bai gama buɗewa ba, ya ba shi ruwa a gwangwanin madara. Sauran masu gadin layin suka riƙa yi masa dariya, wai Bahaushe mai sallar dare da kare a gindinsa, shi ya sa ya raɗa masa Barsu, wato bar su su yi ta faɗa. Shekara goma sha ɗaya suna aiki tare. Bai taɓa kawo shi gida ba, bai taɓa bari ya kusanci buzun sallarsa ba, karen ma ya san iyakarsa. Da safe ya raka shi bakin titi inda yake hawa motar haya ta trotro ya juya, da yamma ya tarar da shi zaune a get yana jira. Wani dare ɓarayi suka hauro katanga, Barsu ya tare su, suka sare shi da adda a kafaɗa. Baba ya yi jinyarsa da ruwan gishiri da man kaɗe har ya warke, sai ɗingishin da ya zauna masa. Ya mutu ne lokacin da Baba ya kwanta asibiti kwana tara. Da ya koma aiki leburori suka ce sun jefar da shi. A nan Baba ya tsaya, bai ƙara ba.

Ya fi rabin awa yana magana. Tun rasuwar Mma ban ji muryarsa ta yi tsawon haka ba.

Ga inda matsalar take. Bayan gidanmu, ƙetaren kwata, akwai garejin makanikai, a nan wata jar karya mai karyayyen kunne take kwana ƙarƙashin wata matacciyar mota. Ba ta kowa ba ce. Yanzu kullum bayan isha'i sai Baba ya rage tuwonsa ya ƙunshe a leda, ya ɗauki sandarsa, ya bi kan katakon da aka gitta a kwatar ya kai mata. Ya zauna kan wata tsohuwar taya, sai ya ga dama ya dawo. Maƙwabta sun gani. Matar da ke karɓar kuɗin haya ta kira ni ta ce ranar da karyar nan ta biyo shi cikin gida mu nemi wani wuri. Yayana da ke Tafo ya zo ya yi ta faɗa, ya ce tsufa ne ya fara taɓa Baba, mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma laifina ne da na bar yara suna kunna katun ɗin Turawa gaban dattijo. Ya ce in goge fim ɗin, in riƙa kulle ƙofar baya.

Ban goge ba, ban kulle ba, amma barci ya ƙaurace mini. Masu ilimi, abin da Baba yake yi akwai zunubi a ciki? Waɗanda suka san harkar katun kuma, me ke cikin zanen nan, da ba ma mutanen gaske ba ne, har ya buɗe bakin mutumin da mu 'ya'yansa shida da jikoki sha tara muka kasa? Wannan shi ya fi ci mini rai, don mu ke masa wanki, mu ke dafa masa, ko buta ba ma bari ya ɗauka. In kuma akwai wani irinsa da zan nemo masa, ku faɗa mini.

Malam_Issah_Asawase ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan Mma, Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka miki ɗawainiyar da kike yi.

Tambayar farko kawai zan taɓa, katun ba fagena ba ne. Yayanki ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba: ajiye kare a cikin gida daban, ciyar da shi daban.

Hadisin mala'iku ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, haka ma wanda ya ce duk wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana tauye masa lada kowace rana. Risala da muka karanta gaban malamanmu a nan zango ita ma haka ta ce, ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadi a kan waɗannan. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mawallafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro a kansa, kare ya ajiye. Da aka tuna masa Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Saboda haka Barsu, karen gadi a wurin gadi, ban ga abin zargi a kansa ba.

Ciyarwa kuwa, kin san hadisin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa. Ya koma ciki ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Tuwon da Baba yake ragewa daga cikinsa yana cikin wannan, in Allah Ya so.

Maganar tsarki, a mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa, yana nan a farko-farkon Iziyya. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki umarni ne da muke bi don bauta. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne, kuma matasanmu da yawa da suka yi karatu a waje wannan suka riƙe. Saɓani ne na malamai, ba abin raba zumunci ba. In Baba ya ware rigar da yake zuwa gareji da ita, ya fita daga saɓanin.

Maƙwabta suna da haƙƙi, kada karyar ta shigo musu gida. A Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a, aya ta 18, karen samarin nan yana tare da su, amma a bakin ƙofa ya shimfiɗa ƙafafunsa. Daga labarinki, Baba ya fi mu sanin wannan iyakar tun kina goye.

Ki gaya wa yayanki, cikin ladabi don yayanki ne, kada ya sake cewa hankalin mahaifinsa ya taɓu don ya ciyar da mai jin yunwa. In maganar ta koma kunnen Baba za ta yi masa ciwon da ba za ku iya cirewa ba. Allah ne mafi sani.

Tanko_Nima ya rubuta:

Anti Rahi, sannu da ƙoƙari. Ni ina Nima a Accra, zanen talla nake yi a kwamfuta, na karanci harkar katun a NAFTI, makarantar koyon fim da talabijin. Fim ɗin nan mun warware shi gunduwa-gunduwa a aji, bari in faɗi abin da na gani.

Kamfanin Pixar na Amurka ne ya yi shi a 2009, Pete Docter ya ba da umarni, ya ci kyautar Oscar biyu, ɗaya na kiɗan ne. Wurin da ya tsayar da carbin Baba minti huɗu ne da 'yan kai. In kin saurara da kyau, karin kiɗa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, da farko yana tafe da sauri kamar na biki, a ƙarshe fiyano ce ita kaɗai a hankali. Da gangan suka cire magana. In ba a sa wa mai kallo kalmomi a kunne ba, nasa yake zubawa a wurin. Kuma da 'yan wasan gaske ne, fuskar Baturiya za ta tsaya tsakaninsa da labarin. Zane kuwa ido biyu ne da ɗan baki, kowa zai iya ganin nasa a ciki. Ina kyautata zaton Mma Baba ya kalla a minti huɗun nan.

Ki sake duba yadda aka zana tsohon, Carl. Kansa, haɓarsa, tabaransa, jikinsa, duk masu kusurwa huɗu ne kamar bulo. Matarsa da yaron da karen kuwa duk a mulmule suke. Bulo ba ya mirginawa, inda aka ajiye shi nan yake zama, sai wani mulmulallen abu ya zo ya yi ta tunkuɗarsa. Ko ba ka jin yaren, idonka ya riga ya gaya maka wane ne ya ƙame.

Sai karen, Dug. Abin wuyansa bai mayar da shi mutum ba, tunanin kare yake fassarawa, shi ya sa yana tsakiyar magana in ya hango kurege sai ya manta komai. Bai san matar tsohon ta mutu ba, ba ya tausaya masa, ba ya lallaɓa shi. Ki lura da sauran mutanen fim ɗin. Masu gini filinsa suke so, kotu ta ce ya zama haɗari, ma'aikatan gidan tsofaffi sun zo ɗaukarsa, yaron ma da farko lambar yabo ta taimakon tsoho yake nema. Kowa ya zo yi masa wani abu ko yi da shi. Karen ne kaɗai ya zo neman abu a wurinsa, ubangida yake nema, don shi ma a cikin garken karnukan da ya fito shi ne abin raini.

Anti, ki yafe mini in na wuce gona da iri. Kin ce ko buta ba kwa bari ya ɗauka. Mutumin da dukiyar kamfani guda ta kwana a wuyansa shekara 26, yanzu daga "Baba zauna" sai "Baba huta." Karyar nan ba ta san shi tsoho ne da ake lallaɓawa ba. Abin da ta sani shi ne in bai zo ba da yunwa za ta kwana. Ina ganin a duk Aboabo ita kaɗai ce ke jiransa don wani abu da shi kaɗai zai yi.

Waɗanda za ki nema: Pixar sun yi gajeru a 2021 masu suna Dug Days, tsohon da karen sun koma sabon gida mai fili a baya, ba tashin hankali a ciki. Ed Asner, mai muryar tsohon, ya rasu a watan Agustan shekarar yana da 91. Akwai na ƙarshe da ya fito a 2023, Carl's Date, inda tsohon zai fita hira da wata mata karon farko tun rasuwar matarsa. Wannan ki fara kalla ke kaɗai ki auna. Wanda na fi so wa Baba na Faransa ne, The Triplets of Belleville, 2003, don kusan babu magana a cikinsa. Wata kaka ce aka sace jikanta mai tseren keke, ita da wani ƙaton kare Bruno suka bi jirgin ruwan a ɗan kwalekwalen da ake tuƙawa da ƙafa har suka ƙetare teku. Akwai wata rawa a farkonsa da ba ta dace da yara ko dattijo ba, ki wuce ta. Katun ɗin Courage da muka kalla muna yara a gidan masu dish, na tsohuwa Muriel da karenta matsoraci, kada ki kunna masa, mijin tsohuwar kullum cikin zagin karen yake.

Hajiya_Memuna_Bronx ta rubuta:

'Yata Rahinatu, Allah Ya jiƙan mahaifiyarki. Ni haihuwar Alabar ce a Kumasi, shekara 17 ke nan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a New York. Ɗana Tanko ya yi magana mai kyau, amma ba zan bi shi duka ba.

Tsoho da karen da kuke gani a katun ni da idona na gan su, kuma babu kiɗa a bayansu. Na yi wa wata tsohuwa aiki shekara huɗu. 'Ya'yanta uku, sau ɗaya a shekara suke leƙo ta. Wani ɗan farin kare take yi wa hira tun safe har dare, wani lokaci ta manta ta kira shi da sunan mijinta. Ranar da ta cika, daga ni sai karen a ɗakin. Mutanen nan ciwonsu suka zana, kuma sun iya zane. Abin da nake tsoro shi ne mu ga ya yi kyau a talabijin mu ce ai an samo wa Baba abokin hira, kowa ya koma harkarsa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada in zalunci karen. Saboda shi tsohuwar nan take tashi ƙarfe bakwai, ta yi wanka ta sa kaya, mu sauka da shi. Waɗanda ba su da ko kyanwa, sai azahar ta yi suna cikin rigar barci, bango suke kallo. Don haka ban ce a hana Baba ba. Yayanki ya yi kuskure a nan.

Amma ina da tambaya, kuma har da kaina nake yi wa, don nawa uban ya rasu ina nan ban san rabin labarinsa ba. Cikinku shida, wa ya taɓa zama ya ce, "Baba, yaya dare yake a Kaase?" Mu mutanen zango muna girmama iyaye har mu daina tambayarsu komai. A durƙusa a gaida su, a ajiye kwano, a ce a sa mu a addu'a, a tashi. Kunya muke kiransa, kuma kunya ce, amma tsohon da matarsa ta tafi ba shi da sauran wanda zai ce wa "kin tuna?" Mma ce take tambayarsa, ita ce ta tafi.

Ki rufe keken ɗinkin nan dare ɗaya ki bi shi garejin. Kada ki riƙe masa hannu, tocila za ki riƙe. In kun zauna ki tambaye shi ko Mma ta san da Barsu. Mace ba ta shekara goma sha ɗaya tana ɗaure wa miji kwano ba ta san da wa yake ci ba.

Abiba_Nas ta rubuta:

Yaya Rahi, ni ta fannin lafiya zan shigo. Ciwon haukan kare yana nan a Ghana, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 yake kashewa a shekara, kusan duka daga cizon kare. Tunda Baba yana kusantarta, a kai karyar wurin likitocin dabbobi na gwamnati a yi mata allura, a riƙa sabuntawa duk shekara. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, ko da wasa ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa man kaɗe. Yara kada su taɓa ta tana cin abinci.

Katakon kwatar nan ma ya dame ni. Ɗan shekara 79 in ya faɗi ya karya ƙugu, abin ba ya zuwa da sauƙi. A ƙara masa faɗi.

Rahinatu_Aboabo ta rubuta:

Jama'a, na gode, Allah Ya bar zumunci. Sati uku ke nan, na ce in dawo in gaya muku inda aka kwana.

Malam, na karanta wa Yaya abin da ka rubuta. Ya janye maganar kulle ƙofa, amma bai gamsu ba, ya ce shi dai ba ruwansa, kuma Juma'a biyu bai zo ba. Wannan yana nan yana damuna. Mai garejin ya yarda a ce karyar ta gadin gareji ce, dama tun da take kwana a wurin ba a sake kwance musu batir ba. Fuseini da wani yaron garejin suka ɗauke ta a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka yi mata allura. Kafinta ya ƙara katako biyu ya buga musu ƙusa. Na Faransan da Tanko ya faɗa mun kalla, Baba ya so tsohuwar da usur ɗinta, ya ce irin waɗannan matan ba a raba su da nasu. Amma washegari na balan-balan ya ce a sake sa masa.

Hajiya, na yi abin da kika ce. Daren Laraba na rufe keke na ɗauki tocila. Ya dube ni bai ce komai ba, ya wuce gaba. Karyar tana jin ƙarar sandarsa a kan katako ta fito, ta tsaya nesa da ni. Ya zuba mata tuwon a murfin wani bokiti, ya zauna kan tayarsa, ni na tsuguna. Bai taɓa ta ba, ita ma da ta gama sai ta kwanta kamar taku biyu daga ƙafarsa, ta juya fuska wajen titi. Ya ce mini, "Kin gani? Ba ni take kallo ba, hanya take duba mini." Na ce ya sunanta, ya ce bai raɗa ba tukuna, sai ya ga halinta.

Na daɗe ina juya tambayar a bakina kafin ta fita. Na ce, "Baba, Mma ta san da Barsu?"

Ya yi shiru har na ɗauka na yi laifi. Sannan ya ce ai ita ce take ciyar da shi. Ya ce sati biyu da tsintar kwikwiyon ta lura yana dawowa da yunwa, ta tambaye shi, ya faɗa mata yana jiran faɗa. Ba ta ce komai ba. Da yamma da ya kwance ɗaurin kwanonsa a wurin aiki sai ya ga wani ƙunshin ganye daban a gefe, ƙanzo ne da ƙashi. Daga ranar kullum in za ta miƙa masa sai ta ce a hankali, don kada mu ji, "Ga naka, ga na abokin aikinka." Ya ce ba ta taɓa ganin karen ba ko sau ɗaya. Da ya mutu, ta yi kwana uku tana ƙunsa ganyen bisa sabo, sai ta tuna ta kwance.

Ni ce nake kankare tukunyar nan ina yarinya. Na sha tambayarta ina take kai ƙanzo, ta ce na kaji ne, mu kuwa ba mu da kaji.

Na kashe tocilar don kada ya ga fuskata. Muka zauna har aka rufe shagon mai shayi.

Jiya na sayo ganye wurin mai wake da shinkafa. Da na sauke tuwo na kankare ƙanzon na ƙunshe, bayan isha'i na miƙa masa a ƙofar baya. Na so in faɗi maganar Mma, muryata ta ƙi. Ya karɓa ya ɗan buɗe ya duba.

Ya ce, "Kin sa ƙashi?"

Na ce, "Na sa, Baba."

Ya ce, "Biyu take sawa."